Tubali da Azara: Tsofaffin Gidajen Ƙasar Daura

Shirinmu na musamman yau ya yada zango a Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Baure ta ƙasar Daura, kuma zancen gini ne ke tafe da mu.

Ku zo mu shiga tsohon zaure da tsakar rana, a watan bazara. Waje rana kamar ta dafa mutum, amma kana sa ƙafa ciki sai sanyi ya ratsa ka. Dafa bangon ka ji kaurinsa. Tubali ne, wanda magini ya mulmula da hannu, ya shanya a rana, ya jera bisa kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ɗaga kai ka ga azara ta giginya, wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Daga waje ga zanko a kusurwoyi, ga indararo na jiran damina, ga makuba da aka samo daga ɓawon ɗorawa an shafe bango da ita don kada ruwa ya ci shi.

To, yaya wasu ƙasashe ke kula da gine-ginensu? A Ingila, bayan gobarar Landan ta 1666, aka wajabta gini da bulo ko dutse a birnin. Tun daga 1947 kuma doka ta tsara rajistar tsofaffin gine-gine, har da gidajen da iyali ke kwana ciki. Gidanka ne, amma ba ka sauya ko taga sai da izini.

Mu ma muna da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa tun 1979, tana kula da irin su Gidan Makama na Kano. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga tsohon garin Agadas ya shiga kundin UNESCO a 2013. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gidan talaka. Shi wa ya rubuta sunansa? Da mai gida ya samu 'yan kuɗi, sai a rushe soro, a kawo siminti da kwano, a koma kukan zafi.

Ginin ƙasa kuwa doka kaɗai ba ta riƙe shi. Yaɓe yake so kafin ruwa ya sauka. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, ɗaurin guga da bakan gizo ne suka ɗaukaka sunansa. Yau in soronka ya tsage, sai ka yi cigiya ƙauye-ƙauye kafin ka samu dattijon da ya iya ɗaura su, kuma sau da yawa za ka tarar ba yaro ko ɗaya a bayansa mai miƙa masa tubali.