Zaɓen dutse a Gadarif

Gadarif gari ne a gabashin Sudan. Akwai Hausawa da yawa a can. Ƙasar wurin baƙar laka ce. Da damina takan zama taɓo, da rani ta tsattsage. Mai son tsakar gida marar taɓo sai ya shimfiɗa duwatsu.

Baƙin dutse yana da ƙarfi, ba ya shan ruwa. Ya dace da gindin katanga. Amma da rana yana ƙona ƙafa.

Dutsen yashi yana da sauƙin sassaƙa, ba ya santsi. Ya dace da hanyar shiga ɗaki. Amma yana shan ruwa, yakan marmashe a hankali.

Tambaya: Wane dutse za ka sa kusa da randa? Don me?