MASHAYAR DA TA RAINI WASAN KURKET

Yau na ajiye zancen soyayya, zan ɗauke ku mu leƙa wani ƙauye mai suna Hambledon a lardin Hampshire, kudancin Ingila.

A ƙauyukan Turawan Ingila mashaya ba wajen shan giya kaɗai ba ce, a nan ake cin abinci, a yi hira, a yanke shawara, kamar dai yadda dandali yake a wajenmu. To, a kan wani tudu mai nisan kamar mil 2 daga Hambledon akwai wata mashaya da ake kira Bat and Ball, tana fuskantar wani fili mai suna Broadhalfpenny Down inda a da tumaki ke kiwo.

A shekarun 1760 wani bawan Allah Richard Nyren shi ke riƙe da mashayar, kuma shi ne kyaftin ɗin 'yan kurket na ƙauyen. Kurket wasa ne da ake jefo ƙwallo don a kayar da wasu sanduna da aka kafa, wani kuma ya tsaya da katako yana kare su. A filin nan suke wasa, in an tashi a tsallaka titi a shiga wajen Nyren a ci a sha.

Wallahi abin da ya burge ni shi ne, 'yan ƙauyen nan ba su yarda an raina su ba. A 1771 wani ɗan wasa Thomas White ya zo karawa da su da katako mai faɗin da ya rufe sandunan ruf. Ai kuwa suka zauna suka rubuta cewa kada faɗin katako ya wuce inci 4 da kwata, kuma har gobe dokar ke nan a duniya. A 1775 kuma, sau uku ƙwallo tana ratsawa tsakanin sanduna biyun da ɗan wasansu John Small ke karewa ba ta kayar da komai ba, dalilin da ya sa aka ƙara sanda ta uku ke nan. Daɗin daɗawa, a 1777 suka lallasa zaɓaɓɓun 'yan wasan Ingila gaba ɗaya.

Amma kun san duniya rawar 'yan mata ce. A 1782 aka mayar da wasan wani fili kusa da gari, sannan a 1787 masu hannu da shuni suka kafa ƙungiyar MCC a Landan, kuɗi da 'yan wasa suka bi su. Filin da ya yi suna ya koma gona, aka shafe fiye da shekara ɗari ba a jin ihun 'yan kallo.

Sai a 1908 aka kafa dutsen tunawa a wajen, aka sake buga wasa. A 1925 makarantar Winchester College ta mallaki filin, yanzu kuwa ana wasa a kansa, mashayar ma tana nan tana karɓar baƙi.

Ni dai a ganina, fili irin wannan ba ya rayuwa sai da ƙafar masu zuwa, ranar da aka daina taruwa garma ce za ta gaje shi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.