Iskar Dariya da Matsin Inji: Nawa Fistin Zai Iya Ɗauka?

Duk wanda ya taɓa buga babur da ƙafa, ko ya ja igiyar injin ban-ruwa a fadamun Tsiga, ya san wurin da inji kan turje kafin ya tashi. Wannan turjiya ita ce matsi, wato fistin ne ke hawa cikin silinda yana danne iska da fetur a ɗan ƙaramin sarari kafin fulogi ya ƙyasta musu wuta.

Lissafin matsi ba wuya. Mu ɗauki babur mai cc 100. Idan sararin da ya rage bayan fistin ya kai ƙololuwa cc 12.5 ne, sai a haɗa 100 da 12.5, a raba da 12.5, a sami 9, wato 9:1. To, da bakanike a Funtua zai goge murfin silinda har sararin ya koma cc 10, matsi ya zama 11:1 ke nan. Ƙarfi zai ɗan ƙaru, amma fa iskar da aka danne zafi take yi. In zafin ya wuce kima, ragowar fetur ɗin da wutar fulogi ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa, a ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Injin niƙa mai shan gas da wannan zafi ya dogara, shi ya sa matsinsa kan kai 16:1 ko fiye, kuma ba ruwansa da fulogi.

Wannan iyaka ce ke damun masu tseren motoci a Amurka da Turai, waɗanda ke ɗura wa inji naitiros oksaid. Joseph Priestley na Ingila ne ya gano wannan iska a 1772, aka yi mata laƙabi da iskar dariya, likitocin haƙori kuma suka riƙa kashe zafi da ita tun 1844. Jamusawa sun sa ta a jiragen yaƙinsu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don a sararin sama iska ba ta da kauri. Abin mamaki, gonakinmu na masara ma suna fitar da ita daga takin yuriya.

Sirrinta shi ne, idan ta yi zafi kamar digiri 300 a ma'aunin Salshiyas sai ta rabe, ta saki oksijin. Kashi 36 cikin 100 na nauyinta oksijin ne, alhali iskar da muke shaƙa kashi 23 gare ta. Oksijin mai yawa yana ƙona fetur mai yawa, turin da ke kan fistin ya ninku.

Saboda haka gwanin haɗa inji ba ya zaɓen matsi sai ya san yawan iskar da zai ɗura. In kaɗan ce, matsin da injin ya zo da shi daga kamfani ya wadatar. In mai yawa ce, sai ya sassauta matsin, ya nemi fetur mai jure zafi, ya ƙara yawansa, sannan ya jinkirta wutar fulogi, galibi digiri 2 na juyin inji ga kowane ƙarfin doki 50 da aka ƙara. Wanda ya yi kwaɗayin haɗa matsi mai tsanani da iska mai yawa a kan fetur na gidan mai, cikin 'yan daƙiƙoƙi ringi kan karye, ko kan fistin ya huje.