Idan Baƙo Ya Sauki Baƙo, Wa Ke Riƙe Da Agogo?

KVM, wadda ta shiga Linux a 2007, mai masauki ce: tana raba kwamfuta ɗaya ga kwamfutocin kwaikwayo da yawa, wato baƙinta, kowace na zaton ita kaɗai ke da gidan. Rikicin yana farawa ne idan baƙon shi ma ya sauki nasa baƙi. Kamfanin Arm ya buɗe wannan ƙofa a tsarin ARMv8.3, ya rage mata nauyi a 8.4.

Mai masauki na ainihi yana zaune a matakin EL2. Na ciki kuwa, wato baƙon da ya sauki baƙi, an ajiye shi ne a EL1, ana nuna masa kamar yana sama. A nan agogo ke kawo ciwon kai.

Rajistar CNTHCTL_EL2 ce ke yanke wanda zai karanta ƙidayar lokaci kai tsaye da wanda za a tare. Sai dai fasalinta biyu ne. A tsohon tsari, izinin baƙo yana a bit na 0 da na 1. Idan an kunna VHE, wanda ya zo da ARMv8.1, izinin ya koma na 10 da na 11, na ƙasan kuma su ɗauki wata ma'ana. Ƙari a kan haka, a ƙarƙashin VHE, duk wanda ke EL2 ya kira sunan CNTKCTL_EL1, na'ura tana kai shi ga CNTHCTL_EL2. Mai masauki na ciki yana rubutu da wannan zato, amma tunda ba a EL2 yake ba, rubutunsa a CNTKCTL_EL1 ta gaske yake sauka.

To, darajar CNTHCTL_EL2 ta mai masauki na ciki ta rabu gida biyu: wani ɓangare a na'ura, wani a ajiyar KVM. Gyaran shi ne a riƙa haɗa su duk lokacin da za a karanta ko a adana, a ɗauko daga na'ura abin da ke can kaɗai, kada a taka sauran. Idan aka kuskure, baƙon baƙo zai iya karanta agogon da aka hana shi, ko a tare shi babu dalili.

Irin wannan gyara layuka kaɗan ne, kuma ni ina ganin darajarsa ta fi girmansa. Da agogo Linux ke raba wa manhajoji lokacin aiki, da shi take tada wadda ke jira. Kuskure a nan ba ya bayyana nan take, sai injiniya ya zauna da kundin Arm yana bin bit ɗaya bayan ɗaya kafin ya gano inda aka kauce.