Lissafin Guzuri: Yadda Dala 500 Za Ta Ishi Alhaji Har Ya Dawo Gida

Ranar 15 ga watan Mayu na shekarar 2024, jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi. Guzurin da aka ƙayyade wa kowane maniyyaci a wannan shekara, ɗan birni ne ko manomi daga ƙauye irin Wurogauri a yankin Gwandu da Kalgo, dalar Amurka 500 ne. A gida wannan kuɗi jari ne guda. A Makka da Madina kuwa, inda alhaji zai shafe fiye da wata ɗaya, yana iya narkewa tun ba a hau Arfa ba. Abin da ke raba wanda guzurinsa ya kai shi gida da wanda ruwa ya ƙare wa ɗan kada, lissafi ne ɗan ƙarami wanda ɗalibin sakandare zai iya yi wa mahaifinsa ko kakarsa a kan takarda ɗaya.

Guzurin da da na yanzu

Kafin zuwan jirgin sama, mahajjatan ƙasar Hausa ta ƙasa suke bi, su ratsa Barno da Cadi da Sudan, sa'an nan su ƙetare Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin duk inda guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi noma ko ƙwadago, kamar a gonakin auduga na Jazira a Sudan, har a tara na gaba. Guzurinsu tamkar rijiya yake, ana ɗiba tana kawowa.

Guzurin alhajin yau randa ce. Bizar aikin Hajji ba ta ba shi damar yin aikin kuɗi ba, saboda haka abin da aka zuba tun farko shi za a yi ta ɗiba har ranar dawowa. Kuɗin kujera da ake biya ta hannun hukumar alhazai ta jiha da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, wadda aka kafa a 2006, shi ke ɗaukar nauyin jirgi da masauki da tantunan Mina da Arfa da motoci tsakanin birane da abincin da aka tanada. A 2025 wannan kuɗi ya kai kusan naira miliyan 8.5 ga yawancin jihohin Arewa. Duk wata buƙata da ta saura, daga randar guzuri za ta fito.

Kuɗi iri uku a aljihu ɗaya

Alhaji yana tunani da naira, yana riƙe da dala, yana kuma sayayya da riyal. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta da dala a kan riyal 3.75 kowace dala ɗaya. Ke nan dala 500 riyal 1,875 ce. Naira kuwa, tun da aka sakar wa kasuwa farashinta a watan Yunin 2023, ta faɗi daga kimanin 460 a kan dala ɗaya zuwa 1,500 da 'yan kai a wasu watannin 2024. Idan aka raba 1,500 da 3.75, za a ga riyal ɗaya ya zama naira 400.

A nan tarkon yake. Wanda ya saba ƙirga dubbai a kasuwar Kalgo, idan aka ce masa abu riyal 10 ne, kunnensa zai ji araha, alhali naira 4,000 ya fitar. Haka kuma ɗan bambanci wajen canji ba abin rainawa ba ne. Alal misali, idan ɗan canji ya sayi dala a kan riyal 3.70 maimakon 3.75, to a kan dala 500 alhaji ya yi asarar riyal 25.

Dalilin tsada

Masana tattalin arziki sun nuna cewa idan masu neman kaya suka yi yawa, wurin samunsa kuma ya ƙuntata, farashi kan tashi. A 2024 mutane fiye da miliyan 1.8 suka yi aikin Hajji, dukansu a wuri ɗaya cikin kwanaki ƙidayayyu. Kantunan da ke dab da Harami suna biyan haya mai nauyi, mai saye kuma shi ke ɗaukar wannan nauyi. Shi ya sa kaya iri ɗaya yakan fi sauƙi a cikin unguwanni fiye da a bakin masallaci. Bugu da ƙari, tun watan Yulin 2020 akwai harajin kashi 15 cikin ɗari a kan sayen kaya a Saudiyya. A cikin kowane riyal 20 da aka biya a kanti, kusan riyal 2.6 na haraji ne.

Rabon guzuri

Dabarar ita ce a fara ware manyan buƙatu, sa'an nan a raba ragowar da yawan kwanaki. A ƙaddara alhaji zai yi kwana 35, kuma Hajjin Tamattu'i ya yi niyya, wanda hadaya ta wajaba a cikinsa. Idan ba a haɗa kuɗinta cikin na kujera ba, ita za a fara cirewa. A 2024 takardar hadaya ta hannun Bankin Raya Ƙasashen Musulmi riyal 720 ce. Ga yadda rabon zai iya kasancewa:

Jimillar guzuri: riyal 1,875
Hadaya: riyal 720, saura 1,155
Ajiyar ko-ta-kwana: riyal 155, saura 1,000
Tsaraba: riyal 300, saura 700
Kuɗin yau da kullum: 700 ÷ 35 = riyal 20 a rana

Daga wannan riyal 20, wato kimanin naira 8,000, za a sayi katin waya da sabulu da shayi da 'ya'yan itace, a biya kuɗin mota idan ƙafa ta gaza, a kuma yi sadaka. Adadin ajiya da na tsaraba misali ne kawai. Kowa zai iya sauya su daidai da halinsa, muddin jimillar ba ta wuce 1,875 ba.

Illar ƙaramin ƙari

Mai karatu zai iya ganin ƙarin riyal 10 a rana ba komai ba ne. To amma idan alhaji yana kashe 30 maimakon 20, riyal 700 za su ƙare cikin kwana 23 da 'yan sa'o'i, ya yi kusan kwana 12 aljihu wayam a ƙasar da ba shi da kowa. Idan kuma aka jinkirta jirgin dawowa da kwana 5, ko mai bin ƙa'ida zai buƙaci ƙarin riyal 100, kuma wannan ne amfanin ajiyar ko-ta-kwana. Saboda haka yana da kyau a ƙulle kuɗin kowane mako daban, riyal 140, a kuma bar sayen tsaraba sai an kammala aikin Hajji, lokacin da aka san ainihin abin da ya rage.

Inda ba a tsimi

Tsimi yana da iyaka. A Hajjin watan Yunin 2024 zafi ya haura digiri 51 a ma'aunin Salshiyas a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun bayyana rasuwar mutane fiye da 1,300. A irin wannan zafi jiki yana zubar da ruwa da gishiri ta hanyar gumi fiye da yadda mutum ke ji. Don haka ba a rage kuɗin ruwa da lema da magani, haka ma kuɗin motar tsoho da tsakar rana. Ruwan zamzam kyauta ne a cikin Harami, kuma ƙaramar gora da za a riƙa cikawa tana rage kashe kuɗi ba tare da ta taɓa lafiya ba. Idan lalle sai an rage wani abu, to a rage daga tsaraba.

Kammalawa

Wannan lissafi bai tsaya ga alhaji kaɗai ba. Ɗalibin da zai tafi karatu Ingila ko Masar, da ɗan kasuwar da zai je Dubai, duk tambayoyi uku ne a gabansu: nawa ne kuɗin idan an mayar da shi na ƙasar da za a je, me ya wajaba a ware tun farko, kuma kwana nawa ragowar za ta ɗauka? Malaman lissafi za su iya jarraba ɗalibansu da wannan: idan guzurin dala 500 ne, kwanakin kuma 40, riyal nawa alhaji zai kashe a rana? Ɗalibin da ya sami amsar, ya kuma rubuta ta a takarda ya saka cikin jakar maniyyacin gidansu, ya ba shi guzurin da ya fi ƙullin garin yaji amfani.