Yadda Ake Hango Duniyarmu Daga Mars

A Maine-Sorowa ba a rasa filin kallon sama. Ka fita bayan gari da magariba, ka hau tudun rairayi, ka fuskanci yamma. Idan lokacin fitowarta ne, za ka ga Zara tana ƙyalli tun duhu bai gama sauka ba. Makiyaya sun san ta, masu noman tattasai a bakin Komadugu ma sun san ta. Sai dai ba kowa ya san cewa Zara duniya ce guda ba, girmanta ya kusa kai na tamu, kuma hasken da take taƙama da shi na rana ne. Mu ma akwai inda haka ake ganinmu.

Ranar 31 ga Janairun 2014, motar binciken nan Curiosity, wadda hukumar NASA ta Amurka ta sauke a duniyar Mars a 2012, ta ɗaga kyamararta sama kamar minti 80 bayan faɗuwar rana. Sai ga wani ɗigo da ya fi kowace tauraruwa haske. Duniyarmu ce, daga nisan kilomita miliyan 160, ga wata kusa da ita, ɗan ƙarami. Abin da ya fi kama ni shi ne bayanin da hukumar ta yi, cewa da mutum mai lafiyar ido zai tsaya a wurin, zai ga su biyun daban-daban, ba tare da madubin hangen nesa ba. Hasken da zai shiga idonsa kuwa ya yi kusan minti 9 a hanya.

Zara tana kewaya rana ta cikin hanyarmu, shi ya sa ba ta nisa da rana: ko dai ta biyo ta da magariba, ko ta riga ta da asuba. Mu ma ta cikin hanyar Mars muke bi. Saboda haka mai tsayawa can ba zai same mu a tsakiyar sama da tsakar dare ba, sai goshin dare ko asubahi. Wannan ma sai in ƙura ta bari, don Mars tana yin hazon da ya fi na hunturun Difa, wani lokaci ya lulluɓe ta gaba ɗaya na tsawon makonni.

Da an wuce Mars, lamarin sai ya yi wuya. Daga Jupiter ko Saturn duniyarmu tana manne da rana, hasken ranar yana danne ta. Kumbon Voyager 1 ya ɗauke ta hoto ranar 14 ga Fabrairun 1990 daga nisan kilomita biliyan 6, amma wannan aikin kyamara ne. Idon ɗan Adam ba zai tsinto ta daga can ba.