Kafin A Jefar Da Kwayil

Duk damina, da zarar ruwa ya kwanta a hanyoyin Auyo, Guri da Kirikasamma, masu sayar da kayan babur a Haɗeja sai kakarsu ta yanke saƙa. Mutum ya ratso ruwa da buhun shinkafa ko kwandon kifi, babur ya mutu, a yi ta buga kik har gumi ya karyo. Bakanike ya leƙa ya ce ba wuta, a tura yaro ya sayo sabon kwayil. A ganina, da yawa daga cikin waɗanda ake jefarwa lafiyarsu ƙalau. Laifin na waya ne.

Naɗin waya biyu ne a cikin kwayil, ɗaya mai kauri, ɗaya siriri mai zagaye dubbai. Wuta kaɗan ke shiga na farko, ta fito daga na biyu ta haura volt 10,000, ta tsallake bakin fulogi, wanda tazararsa kan kasance milimita 0.6 zuwa 0.7. Abin da ake mantawa shi ne, dole wutar ta koma gida ta jikin ƙarfen babur. Ɗaga tankin tsohon babur ɗin da ke shiga fadama ka duba inda aka ɗaure kwayil: laka ta bushe, tsatsa ta ci gindin noti, ga wayoyi an murɗe su da hannu an naɗe da salatif, tagullar ciki ta koma koriya. Ko sabo fil aka ɗaura a nan, wuta ba za ta yi ƙarfi ba. A kankare wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli, a yanke ruɓaɓɓen bakin waya, sannan a gwada.

Launin waya ba ado ba ne. A tsarin Honda, wanda baburan China da yawa suka kwaikwaya daga CG125 da ta fito a 1975, koriya ita ke zuwa jikin ƙarfe, baƙa mai ratsin ɗorawa ita ke kai wuta kwayil. Akwai kuma baƙa mai ratsin fari, wadda ta fi kowacce wahalar da mutane. A babur mai akwatin CDI da ke shan wuta daga magneto, aikinta kashe inji: idan ka murɗe makulli ka kashe, sai ta zubar da wutar a jikin ƙarfe. To in ta goge ta taɓa ƙarfe, ko ruwa ya shiga makulli, babur a kashe yake komai bugun da za ka yi. Zare ta daga CDI ka buga. In ya tashi, ka san inda ciwon yake. Yamaha kuwa launinta daban, baƙa ce ke zuwa jikin ƙarfe, don haka kada a haɗa da ka.

In ma ta tabbata kwayil ɗin ne, ba kowanne ke shiga kowane babur ba. Na tsohon babur mai kontak da batir daban, na mai CDI daban, ko da siffarsu ɗaya. Na volt 6 a kan batir mai 12 zafi zai yi ta ɗauka har ya ƙone. Ka tafi shago da tsohon a hannu, ka faɗi sunan babur da irin wutarsa.

Wajen gwaji kuma, a jingina fulogi da jikin inji nesa da kabureta, a tabbata ba fetur da ke ɗiga, a riƙe ta wajen roba. Tartsatsi shuɗi mai ƙara ake nema, ba ja mai sanyi ba.